Ku Tambaya Mu Amsa: Fim ɗin matar nan mai zuma gaskiya ne ko shiri?

TAMBAYA: Salamu alaikum Yaya, ina gaisuwa. Wata ƙawata ta turo min wani fim a salula, Honeyland, wata mata ce mai rawayar riga tana hawa dutse tana ɗibar zuma ba ko safar hannu. Mun yi gardama a gida, babanmu ya ce shiri ne kamar na Kano, ni na ce gaskiya ne. Wace ƙasa ce? Kuma akwai wasu irinsa? Daga ƙanwarka, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaida Baba da kyau, ki faɗa mishi cikin ladabi wannan karon ke ce da gaskiya. Matar sunanta Hatidze Muratova, ba ƴar wasa ba ce, rayuwarta ce aka bi da kyamara wajen shekara 3 a wani ƙauye da ya watse a Masedoniya ta Arewa, can yankin Balkan, kudu maso gabashin Turai. Tamara Kotevska da Ljubomir Stefanov suka yi shi, ya fito 2019, kuma shi ne fim na farko da ya shiga takarar Oscar gida biyu lokaci guda, na labarin gaskiya da na ƙasashen waje. Yaren da kika ji suna yi Turkanci ne.

Abin da ya riƙe ni a fim ɗin shi ne ƙa'idarta, in ta buɗe amya sai ta ɗebi rabi ta bar wa ƙudan rabi, sai ga maƙwabci ya sauka da shanu da yara bakwai, ta koya mishi sana'ar da zuciya ɗaya, ɗan kasuwa ya matsa mishi da kuɗi ya kwashe zumar kaf, ƙudansa suka rasa abinci suka afka wa nata suka kashe. Ni ban iya zagin mutumin ba wallahi, baki ne da yawa a gabansa. Kuma ki sake duba wurin da take ba tsohuwarta abinci a baki cikin ɗaki mai duhu, duk wadda ta yi jinyar uwa ta san wannan zaman.

Wasu irinsa akwai. Ki nemi Hive na Kosovo, 2021, Blerta Basholli ta shirya. Shi wasa ne amma labarin gaske ne na Fahrije Hoti, wadda mijinta ya ɓace a yaƙin 1999 a ƙauyen Krusha e Madhe. Ba gawa ba labari, ita ba mai takaba ba ita ba mai miji ba. Ta je ta yi parmi ta koyi mota, ta tara matan da aka bari suna niƙa jan tattasai suna yin wani abin da suke cewa ajvar suna kaiwa kanti, mazan gari na zaune suna gulmarta har jifar gilashin motar aka yi. Duk mai uwa ko inna cikin asusun Mata Masu Dubara za ta gane matan nan tun kafin ta karanta fassara. Fim ɗin ya ci kyauta 3 a bikin finafinai na Sundance a Amurka.

Sai Quo Vadis, Aida? na Jasmila Zbanic daga Bosniya, 2020. Wannan kam ki shirya zuciyarki. Garin Srebrenica ne, Yulin 1995, inda sojojin Sabiyawan Bosniya suka kashe maza da samari Musulmi sama da 8,000 alhali sojojin Holan na Majalisar Ɗinkin Duniya suna nan. Aida malamar lakkwal ce da ta zama tafinta, tana ta gudu daga ofis zuwa ofis tana roƙon a sa sunan mijinta da ƴaƴanta biyu cikin takarda. Ba a nuna jini sosai amma ya fi mai jini ciwo, kar ki kunna shi gaban ƙananan yara.

Ki nemi masu fassarar Faransanci a ƙasa, kuma ki fara da Hive in da su Inna za ku kalla.