Tambayoyinku kan ibuprofen da danginsa: nawa za a sha, wa zai sha, wa zai kauce

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk kan magungunan rage ciwo da kumburi ne: ibuprofen, diclofenac, naproxen, piroxicam, mefenamic acid da aspirin. Sunayen sun bambanta, amma dangi ɗaya ne, hanyar aikinsu ɗaya, wurin da suke yin ɓarna ma ɗaya. Paracetamol ba ya cikinsu, yana sauke zazzaɓi da ciwo amma ba ya taɓa kumburi sosai. Mun bar sunayen yadda ake rubuta su a jikin kwali domin ku gane su idan kun gani.

Tambaya: Ɗana shekararsa biyu, nauyinsa kilo 12. In ya yi zazzaɓi ina ba shi ibuprofen na ruwa da ƙaramin cokali. Nawa ne daidai? Daga wata uwa.

Amsa: Malama, da farko ki ajiye cokalin. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba, wani ya ɗauki mililita 3, wani ya kai 7. Ki nemi sirinjin awon magani, wanda ba allura a bakinsa, ko ɗan kofin da ke zuwa cikin kwali.

Da nauyi ake auna wa yaro wannan magani, ba da shekaru ba. Ƙa'idar ita ce miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo ɗaya. Ɗanki mai kilo 12 zai sha tsakanin miligiram 60 da 120 a sha ɗaya. Sai ki duba jikin kwalba. Idan an rubuta miligiram 100 a cikin mililita 5, to kowace mililita tana ɗauke da miligiram 20, ke nan ki ja mililita 3 zuwa 6. Akwai wani mai ƙarfi ninki biyu, miligiram 200 a cikin mililita 5, shi kuwa rabin wancan awon za ki ja. A nan iyaye da yawa ke kuskure: a sayo sabuwar kwalba mai ƙarfi, a ci gaba da awon tsohuwa.

Tsakanin sha da sha a bar awa 6 zuwa 8, kuma kada ya wuce sau uku cikin awa 24. Ki ba shi bayan ya ci wani abu ko ya sha nono. Ki girgiza kwalbar, ki sa bakin sirinjin ta gefen kumatu, ki riƙa turawa kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa. Ki rubuta lokacin a jikin kwali, don kada mahaifinsa ko kakarsa su sake ba shi ba da sanin an riga an ba shi ba.

Akwai lokutan da ba a ba yaro ibuprofen ko da jikinsa ya yi zafi rau. Jaririn da bai kai wata uku ba, ko bai kai kilo 5 ba, ba a ba shi, kuma zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki a wannan shekarun na asibiti ne kai tsaye. Yaron da ke gudawa ko amai, ko ya ƙi shan ruwa har fitsarinsa ya ragu, shi ma ba a ba shi, domin ƙodarsa tana cikin takura, maganin zai ƙara rage jinin da ke isa gare ta. Ruwan gishiri da sukari yake buƙata, da paracetamol in akwai zafi. Haka mai ƙarambau: ibuprofen na iya sa ƙurajen su rikiɗe su zama mummunan ciwon fata mai cin tsoka. Idan kuma yana da asma, kuma kin taɓa ganin numfashinsa ya sarƙe bayan ya sha irin wannan magani, kada ki sake gwadawa.

Zazzaɓin da ya kai kwana uku, ko ya zo da sanƙarewar wuya, numfashi sama-sama, jijjiga, ko barcin da ake tashe shi da ƙyar, ya wuce maganin gida. Sauke zafi ba warkar da abin da ya kawo zafin ba ne, sai an yi gwaji an gano.

Tambaya: An ce ana haɗa paracetamol da ibuprofen don zazzaɓi ya sauka da wuri kuma ya hana jijjiga. Gaskiya ne?

Amsa: Batun jijjiga ba haka yake ba. Babu ɗayansu da ke hana jijjigar zazzaɓi ga yaron da zai yi ta. Haɗawa kuwa, ki fara da ɗaya tukuna. Paracetamol miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, duk awa 4 zuwa 6, iyaka sau huɗu a awa 24. Ga mai kilo 12, miligiram 180 ne mafi yawa, wato mililita 7.5 na kwalbar da ke da miligiram 120 a mililita 5. Idan bai sami sauƙi ba kuma lokacin sake sha bai yi ba, ana iya ba shi ɗayan, amma kowanne da lissafinsa a rubuce. Yaron da jikinsa ke da ɗumi amma yana wasa, yana shan ruwa, ba lallai ne a ba shi komai ba. Sauƙin yaro ake nema, ba lambar ma'auni ba.

Tambaya: Ina da aspirin a gida. Zan iya raba ƙwaya biyu in ba 'yata mai shekara goma don ciwon kai?

Amsa: A'a, Malam. Ba a ba wanda bai kai shekara 16 ba aspirin. Dalilin shi ne cutar Reye, wadda wani likita mai wannan suna ya bayyana a Ostareliya a 1963. Ba ta da yawa, amma tana kumbura ƙwaƙwalwa ta lalata hanta, kuma takan biyo bayan mura ko ƙarambau ga yaron da aka ba aspirin. Ka riƙa karanta abin da ke cikin magungunan mura da na ciwon kai da ake haɗawa, wani lokaci ana rubuta shi da sunan acetylsalicylic acid. Likitan yara kaɗai ke rubuta shi, a wasu cututtuka na musamman.

Tambaya: Aikina na ƙarfi ne. Kusan kullum da dare nakan sha diclofenac ɗaya, ibuprofen ɗaya, wani lokaci har da piroxicam, don in iya tashi washegari. Yanzu ƙirjina na zafi kuma cikina na ƙuna. Me zan ƙara? Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, ba ƙari kake buƙata ba, ka daina su duka yau, ka ga likita cikin wannan makon. Idan kuwa ka ga bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin, mai danƙo da wari, ko ka yi amai da jini ko baƙi-baƙi mai tsaki-tsaki, ko jiri na ɗibarka in ka miƙe, to ka tafi asibiti nan take. Jini ne ke zuba a ciki.

Ga yadda abin yake. Jiki na haɗa wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. Su ne ke kawo zafi da kumburi a wurin da aka ji rauni, kuma duk waɗannan magunguna aikinsu toshe hanyar haɗa su ne. John Vane na Ingila ya gano haka a 1971, ya kuma sami kyautar Nobel a 1982. Matsalar ita ce sinadaran nan suna da wasu ayyukan alheri. Su ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke shafe bangonsa don kada ruwan tsamin da ke narkar da abinci ya ci shi. Su ke buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙoda. Maganin ba ya zaɓe, duk inda ya sami sinadarin sai ya rage shi. Don haka shan uku a lokaci guda ba ya ƙara sauƙin ciwo, hanya ɗaya suke toshewa, amma ɓarnar ciki da ƙoda tana taruwa. Piroxicam ya fi tsanani a nan, domin yakan yi kusan kwana biyu kafin rabinsa ya bar jiki, ga shi kana ɗora wasu a kai kowane dare. Ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago.

Wani abin da ya kamata ka sani: gyambon ciki da waɗannan magunguna ke kawowa yakan zo shiru, wasu ba sa jin komai sai jini ya ɓalle. Kai da jikinka ya yi maka gargaɗi, kada ka danne shi da maganin ƙwannafi ka ci gaba.

Ga babba mai lafiya, ibuprofen miligiram 200 zuwa 400 ne a sha ɗaya, duk awa 6 zuwa 8, kada ya wuce 1,200 a awa 24 sai da umarnin likita. A sha da abinci da kofin ruwa cikakke. Don zazzaɓi kada a wuce kwana uku, don ciwo kada a wuce kwana goma ba a ga likita ba. Wanda dole ya daɗe a kai, likita kan haɗa masa da maganin kare tumbi irin omeprazole. Mai aiki cikin zafi yana zufa kuwa, ya fara shan ruwa ya ƙoshi, domin shan irin wannan magani a kan ƙishirwa shi ne abin da ƙoda ta fi ƙi.

Tambaya: Shekarata 67, ina da hawan jini da ciwon suga, ina shan lisinopril da maganin sa fitsari. Gwiwoyina na ciwo. An ce allurar diclofenac ta fi ƙwaya sauƙi ga ciki.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Allurar ba ta fi sauƙi ba. Maganin ta cikin jini yake isa bangon tumbi da ƙoda, ko ta baki ya shiga ko ta tsoka, ɓarnar ɗaya ce, ga kuma haɗarin ƙurji a wurin allura.

Magungunan da kake sha su ne suka fi damunmu. Maganin sa fitsari yana rage ruwan jiki. Lisinopril, da 'yan'uwansa irin su losartan, suna sassauta jijiyar da jini ke fita daga matatar ƙoda. Diclofenac ko ibuprofen kuma suna matse jijiyar da jini ke shiga. In ukun suka haɗu, ƙarfin tacewa ya faɗi, ƙoda na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki, musamman in gudawa ta zo a kai. Alamunta raguwar fitsari, kumburin ƙafa, tashin zuciya da kasala. Bayan haka diclofenac da danginsa suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, su ɗaga hawan jini. Shi diclofenac, tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a ba wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai gazawar zuciya.

Abin da ya fi dacewa da gwiwa shi ne diclofenac na shafawa, sau uku ko huɗu a rana, a kan fatar da ba rauni, a wanke hannu bayan nan. Kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Za ka iya haɗawa da paracetamol, giram ɗaya a sha ɗaya, kada ya wuce giram 4 a awa 24, ƙasa da haka ga mai ciwon hanta ko mai ƙaramin jiki. Motsa gwiwa da ƙarfafa tsokar cinya suna taimakawa fiye da yadda ake zato. Ka nemi a gwada maka aikin ƙoda. Idan kana shan ƙaramin aspirin na miligiram 75 don zuciya, kada ka daina shi da kanka, amma ka sani ibuprofen na iya tare masa aiki. Mai shan magungunan hana jini daskarewa irin warfarin da clopidogrel, ko maganin kumburi prednisolone kuwa, haɗa su da wannan dangi na ƙara haɗarin zubar jini sosai.

Tambaya: Ina da juna biyu wata shida, bayana na ciwo. Zan iya shan ibuprofen?

Amsa: Malama, ki bar shi. Daga mako 20 na ciki, yana iya rage aikin ƙodar ɗan tayi, kuma tun da yawancin ruwan da yake kwance a ciki daga fitsarinsa ne, sai ruwan ya ragu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan haka a 2020. Daga wajen mako 30 kuma yana iya rufe wata jijiya kusa da zuciyar jariri wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Paracetamol ne zaɓi, gwargwadon buƙata. Ƙaramin aspirin da likita kan rubuta wa wasu masu ciki don kare su daga hawan jinin ciki daban yake, a ci gaba da shi yadda aka ce. Bayan haihuwa, ibuprofen ba ya hana shayarwa, abin da ke shiga nono ɗan kaɗan ne.

Tambaya: Ciwon mara na hana ni zuwa makaranta duk wata.

Amsa: 'Yar'uwa, a nan ibuprofen ya fi paracetamol aiki, domin furostagilandin ne ke sa mahaifa murɗawa. Ki sha miligiram 400 da zarar ciwon ko jinin ya fara, kada ki jira ya kai ki ƙasa, sannan duk awa 8 da abinci, kwana biyu ko uku. Kada ki ɗora mefenamic acid a kai, dangi ɗaya ne. In kin yi haka wata uku ba sauƙi, ki ga likitan mata.

Tambaya: Na tarar ɗana mai shekara uku ya ɓare fakitin ibuprofen, ban san ko nawa ya haɗiye ba, amma yana wasansa.

Amsa: Kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa komai don ya yi amai. Ki ƙirga guraben da suka zama fanko, ki ɗauka duk ya shanye su, ki lura da lokacin, ki ɗauki fakitin ku tafi asibiti yanzu. Likita zai lissafa da nauyinsa: yaro mai kilo 14 da ya haɗiye ƙwaya huɗu masu miligiram 400 ya haura miligiram 100 ga kowane kilo, matakin da ake sa ido a kai. Ki duba ko akwai paracetamol a haɗe cikin ƙwayar, domin shi yakan bar yaro garau a ranar farko yayin da hanta ke lalacewa, kuma makarinsa ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 8 na farko.