Me DMX ya bari a waƙar gambara ban da ihu da haushin kare?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Yayana ba ya gajiya da saka waƙoƙin DMX a mota, musamman faifansa na 1998, It's Dark and Hell Is Hot. Ni kuwa ba na jin komai a ciki sai ihu da haushin kare. Mene ne abin girmamawa a wannan faifai, kuma me mutumin ya bari? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Kunnenka bai yaudare ka ba, akwai ihun, akwai haushin. Amma sai ka san halin da gambarar Amurka take ciki lokacin da faifan ya fito, sannan za ka gane dalilin yayanka.

An kashe manyan mawaƙan gambara biyu: 2Pac a watan Satumba na 1996, Notorious B.I.G. kuma a watan Maris na 1997. Bayan nan fagen ya koma hannun su Puff Daddy, masu kwat mai ƙyalli da waƙar kuɗi da motoci da shagali. Ana cikin haka, a watan Mayu na 1998, sai ga wani ɗan Yonkers a jihar New York, Earl Simmons, wato DMX, ba riga a jikinsa, murya a dushe, yana magana kamar wanda aka shaƙe. Kamfanin Def Jam da ƙungiyar Ruff Ryders ne suka fitar da faifan. A makon farko ya sayar da kwafi kusan dubu 250, ya haye saman jadawalin Billboard, mai jera faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka. A Disamba ta wannan shekarar ya sake fitar da wani, Flesh of My Flesh, Blood of My Blood, shi ma ya hau sama. Faya-fayansa biyar na farko duk da lamba ɗaya suka fara.

Haushin karen ba ado ba ne. Yaron ya tashi cikin duka a gida, ya yi zama a gidajen kula da yara, ya kwana a titi, kuma karnukan da ba su da mai su ne suka zama abokansa. Har zanen karensa Boomer ya sa aka yi masa a gadon baya. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa yana ɗan shekara 14 wani da yake ɗauka a matsayin yaya ya ba shi tabar wiwi da aka gauraya da hodar iblis ba tare da ya sani ba. Wannan jaraba ba ta sake shi ba tsawon rayuwarsa.

Yawancin mutane "Ruff Ryders' Anthem" suka sani, wadda Swizz Beatz ya haɗa wa kiɗa tun bai cika shekara 20 ba. Ni a ganina gadon DMX yana cikin wasu waƙoƙi uku da ba a cika sakawa a wurin biki ba. A "Damien" yana hira da shaiɗan, wanda ya zo masa a siffar aboki, yana yi masa alkawarin ɗaukaka, sannan a hankali ya fara neman a biya shi da jini. DMX ne ke yin muryoyin biyu: tasa mai kaushi, ta shaiɗan kuma siririya mai zaƙi. A "Prayer" babu kiɗa ko kaɗan, addu'a ce kawai yake yi irin ta Kiristan da ya san nauyin zunubinsa. A "The Convo" kuwa da Ubangiji yake magana yana kai ƙarar kansa. Kafin shi an yi mawaƙan da suka ambaci tsoro da nadama, 2Pac da Scarface na cikinsu. Amma a ce mutumin da kowa ke shakka ya tsaya gaban dubban jama'a ya rufe wasa da addu'a, hawaye na zuba, wannan DMX ne ya mayar da shi abin da ba a jin kunyarsa. Shahararren mawaƙin gambara Kendrick Lamar ya faɗa cewa wannan faifan ne ya sa ya fara rubuta baitocinsa, kuma wanda ya saurari yadda yake sauya murya yana gardama da kansa zai ji alaƙar.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai baitoci a faifan da ba su da kariya. "X-Is Coming" tana ɗauke da barazanar kisa da fyaɗe, kuma wahalar ƙuruciya ba ta wanke irin wannan magana. Rayuwarsa ma haka take: ya shiga gidan yari sau da yawa. A 2018, da za a yanke masa hukunci kan kauce wa biyan haraji, lauyansa ya roƙi a saka waƙarsa "Slippin'" a kotu don alƙali ya ji tarihinsa. Aka saka, alƙali ya saurara, ya ba shi shekara ɗaya.

Ya mutu ranar 9 ga Afrilu 2021 a garin White Plains na jihar New York bayan bugun zuciya, yana da shekara 50. Ɗaruruwan babura ne suka raka akwatin gawarsa daga Yonkers zuwa Brooklyn.

In za ka sake gwadawa, nemi rubutattun baitocin ka bi su da ido, domin Turancin titi ne mai wuyar kamawa. Fara da "Damien", ka bi da "Prayer" da "The Convo". Ka kuma gaya wa yayanka ya riƙa tsallake wasu waƙoƙin idan akwai yara a motar.