Amsar Kawu Kan Juya Lissafin Kwadiratik

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, kina tambaya me ya sa malaminku yake yanke rabin fankishin ɗin kwadiratik (lissafin da x² ne mafi girma a cikinsa) kafin ya nemi inbas ɗinsa (lissafin da ke juya amsa ya mayar da ke lambar da aka fara da ita), kuma me ya sa kullum alamar tarawa ake ɗauka. Doka ce, ko al'adar malamai?

To, akwai dokar, akwai al'adar, kada ki gwama su. Yankewar dole ce. Duba f(x) = x² − 6x + 5. In kika sa 1, sifili zai fito. In kika sa 5, sifilin ne dai. Idan aka ba ki sifili aka ce ki koma inda aka fito, 1 za ki ce ko 5? Zanen wannan lissafi kamar ƙwarya yake, kowane tsayi da ke sama da gindinta yana da gefe biyu, shi ya sa sai an zaɓi gefe guda.

Ki fara da cika murabba'i: f(x) = (x − 3)² − 4. Gindin ƙwaryar yana kan x = 3, nan ake yankawa. Idan an ce x ≥ 3, kuma muka kira f(x) da y, to y + 4 = (x − 3)², sai x = 3 + √(y + 4). Ki musanya haruffan, inbas ya zama 3 + √(x + 4), kuma ba ya karɓar lambar da ta gaza −4. Wannan sharaɗi ki riƙa rubuta shi, ɗalibai da yawa a nan suke zubar da maki.

Al'adar ita ce fifita gefen dama, da yarjejeniyar cewa alamar √ ba ta ba da amsar da ke ƙasa da sifili. Tsohuwar ɗabi'a ce. Masanin lissafi Alkawarizmi, a Bagadaza wajen shekarar 820, da ya warware x² + 10x = 39 amsarsa 3 ce, bai kawo −13 ba, domin da faɗin murabba'i yake aunawa.

Amma al'ada ba ta fi tambayar da ke gabanki ƙarfi ba. In aka ce x ≤ 3, amsarki 3 − √(x + 4) ce. Gwada da sifili: wannan zai ba ki 1, wancan mai alamar tarawa ya ba ki 5.

Ki gaida mini mahaifiyarki. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.