Amsa: Tambayoyin da ake yi wa tsoho ranar da aka ba shi gado a asibiti

Ɗan'uwa, kana tambayar dalilin da ya sa nas ta tsare Baba da tambayoyi, ko ya taɓa faɗuwa, ko ya rame, wace shekara muke ciki, alhali ciwon huhu ne ya kai shi. Ba ɓata lokaci ba ne. Tantancewa ce da asibitoci da yawa ke yi wa masu shekara 65 zuwa sama, don sau da yawa ba ciwon da ya kawo tsoho ne ke kayar da shi ba. Faɗuwa ce a hanyar banɗaki cikin dare, ko gyambon kwanciya da kan soma a ƙugu da dunduniya in ba a juya shi, ko ruɗewar kai farat ɗaya saboda zazzaɓi, ƙarancin ruwa a jiki ko maganin barci. Saboda ruɗewar ce ake sa shi ya lissafo watanni daga Disamba ya yo baya.

Sai dai tantancewar ba ta cika sai da bakin mai jinya. Dattawa akwai ɓoye rauni. Mahaifiyata cewa ta yi ba ta taɓa faɗuwa ba, ga shi sau biyu na ɗaga ta a watan. Da ta yi shiru tana ta barci kuma, mun ɗauka sauƙi ne, ashe ruɗewar ce ta zo a haka. Ka faɗa musu yadda Baba yake kafin ciwon, ka kai duk magungunan da yake sha a kwalayensu, har na gargajiya, kada ka manta da tabaransa.