Dillali ya ce in biya shekara biyu kafin a gama ginin, in biya?

Tambaya: Ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 a Legas, iyalina na Funtuwa, ina so in ɗauko su. Ciki biyu da falo nake nema, amma duk inda na je kuɗin ya fi ƙarfina. Wani dillali ɗan garinmu ya nuna mini gini a Ketu da ba a gama ba, ya ce in biya shekara biyu a riƙe mini. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, kada ka ba shi ko sisi tukuna.

Dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, kuma ta wajabta wa mai gida ba da rasit. Apapa, Ikoyi, Victoria Island da Ikeja GRA ne kawai aka keɓe, Ketu ba ta ciki. Neman shekara biyun kansa ya saɓa doka.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kalmar nan da ka faɗa, "ɗan garinmu". Ita ce ke cinye jarin 'yan'uwanmu a Agege, Idi-Araba da Alaba Rago. Mutum ya ƙirga kuɗin da ya tara cikin rana da ruwa, ya miƙa a ƙofar masallaci, babu takarda babu shaida, wai kunya yake ji ya nemi rasit. Wace kunya? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Dillalin ma mai yiwuwa ba macuci ba ne, shi ma wani ne ya ba shi labari. Yadda ake yi ke nan: mai kwangilar gini ya karɓi kuɗin mutane da yawa a kan fulat ɗaya, ya kashe waya, ranar karɓar mabuɗi ku haɗu a bakin ƙofa kowa da buhun kayansa. A ranar ɗan garinku ba abin da zai iya yi maka sai ba da haƙuri. Gidan da ba tagogi ba ƙofa ba a biyan hayarsa.

Duk gidan da za ka kama, ka ga mai gidan ido da ido, ka tambayi masu haya a ciki ko maƙwabta wa suke biya. Ka tura kuɗi ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunansa, bayan kun sa hannu a yarjejeniya, ka karɓi mabuɗi a ranar. Ka kuma bincika ko dillalin yana da rajista da LASRERA, hukumar jihar Legas mai kula da dillalan gidaje, wadda ta ce la'ada kada ta wuce kashi 10 cikin ɗari. Tun farko ka nemi jimilla: haya, la'ada, kuɗin lauya da kuɗin ajiya na ɓarna.

Batun sauƙi kuwa, matsa baya. Daga Mile 12, Ikorodu ta fi dacewa da kai: Agric, Ogolonto, Igbogbo, ga bas ɗin BRT na bi ta bakin kasuwarku. Sai dai ka lissafa kuɗin motar wata ka ɗora a kan haya kafin ka ce ka samu araha.

Wuraren Owode, Agiliti da Ajegunle ta hanyar Ikorodu kan sha ambaliya idan aka saki ruwan madatsar Oyan. Ka duba jikin katanga, za ka ga layin da ruwa ya bari ko da an shafe shi da fenti. Ka buɗe famfo ka shinshina ruwan. Mita kuma ta zama ta kati, taka kai kaɗai, kuma a tabbatar tsohon ɗan haya bai bar bashin wuta a kanta ba.