Fim ɗin fatalwa da ba a ganin fatalwa

Tambaya: Malam, wani abokina ya yi ta yaba mini tsohon fim ɗin nan The Haunting na 1963. Na kalle shi har ƙarshe, ban ga fatalwa ba, ba jini, ba dodo. Ina abin tsoron yake?

Amsa: Ɗan'uwa, kai da ido ka nemi tsoron, shi kuwa Robert Wise, wanda ya ba da umarnin fim ɗin, a kunne ya ɓoye shi. Daga littafin Shirley Jackson na 1959 ya ɗauko labarin, kuma da gangan ya ƙi nuna fatalwar.

Tuna wurin da Eleanor, jarumar fim ɗin, ke kwance cikin duhu a tsohon gidan da ake cewa akwai fatalwa, tana jin gunagunin wani namiji da kukan yaro ta bango. Ta riƙe hannun Theo, matar da suke kwana ɗaki ɗaya, har tana jin an matse mata yatsu kamar za su karye. Da aka kunna fitila, sai ga Theo can a gadonta, nesa da ita. To hannun wa ta riƙe? Babu dodon da za a ƙera ya kai wanda zuciyarka za ta zana maka a wannan lokacin.

Sai bugun da ake yi wa ƙofofi da dare. Shekara 11 Eleanor ta yi tana jinyar mahaifiyarta, wadda kan buga bango idan tana neman ta. Daren da tsohuwar ta rasu ta buga, 'yar ba ta tashi ba. Saboda haka duk bugun da ka ji, ba ka sani ba ko gidan ne, ko kuwa laifin da ke cin ranta. A ganina nan ne gwanintar fim ɗin take.

An sake yin sa a 1999, aka cika shi da siddabarun kwamfuta, aka nuna komai. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, kuma ban ga laifinsu ba.

Ina kyautata zaton da rana tsaka ka kalla a waya, kana tsallake wuraren da suka yi shiru. Sake gwadawa bayan isha'i, kai kaɗai, fitila a kashe, abin ji a kunne. Idan ya kama ka, nemi The Innocents na 1961, wanda Deborah Kerr ta fito a ciki. Shi ana ɗan hango fatalwowinsa, amma yawanci daga nesa.