Kafin ka tsaya kallo a Jami'ul Fana

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce za ka Marrakesh ta ƙasar Maroko, kuma abokanka sun tsorata ka cewa a dandalin Jami'ul Fana da ka ɗaga waya ka ɗauki hoto, sai wani ya biyo ka yana neman kuɗi. Kana tambaya ko wannan ba cuta ba ce, kuma yaya baƙo zai yi kada ya ji kunya.

Ba cuta ba ce, tsarin wurin ke nan tun kaka da kakanni. Sarakunan daular Murabiɗun ne suka kafa garin wajen 1070, dandalin kuma yana bakin kasuwannin tsohon gari, inda kake hango hasumiyar masallacin Kutubiyya ta ƙarni na 12. Mai ba da labari, makaɗi, gardi, ɗan tsalle-tsalle, kowa fili yake kamawa mutane su yi masa zobe, halƙa suke kiransa. Ba tikiti, ba mai tsaron ƙofa. To da me zai ci abinci? Ka lura da mai labari: sai ya kai inda kowa ya ƙagu ya ji ƙarshe, ya yi tsit, a zagaya karɓar abin da ya sawwaƙa. Ba zai ɗora ba sai tsaba ta zubo. Irin wannan fasahar baka ce ta sa UNESCO ta karrama dandalin a 2001. Saboda haka in ka kutsa cikin zobe ka tsaya, ka ci bashi. Ka tanadi canjin dirhami a aljihun gaba, kada ka tsaya zaro walat a tsakiyar jama'a.

Kada ka wuce makaɗan da ake kira Gnawa da sauri. Zuriyar bayin da aka tsallaka Sahara da su ne, kuma a waƙoƙinsu har yau ana ambaton Bambara da Hausa da Fulani. Gimbirinsu mai tsirkiya uku zai tuna maka da garaya, ga kuma ƙarafan da suke kaɗawa da hannu, ƙwal-ƙwal-ƙwal ba tsayawa. Waɗannan ka ba su da hannu sake.

Inda abokanka suke da gaskiya shi ne masu ɗora maka abin da ba ka nema ba: gardi ya rataya maka maciji a wuya, ko mai lalle ta cafke hannun matarka ta fara zane kafin a yi magana. Nan sai ka ce "la, shukran", wato "a'a, na gode", ba tare da faɗa ba, ka ci gaba da tafiya. In kuna so, a yanke kuɗi tukuna. Masu jan biri da sarƙa kuwa, ni dai ko ƙwandala ba na ba su.

Da la'asar sakaliya ake turo rumfunan abinci, kowace da lambarta, hayaƙin gashi ya turnuƙe wurin. Akwai miyar da suke kira harira, akwai kan rago, akwai romon dodon koɗi ga mai iyawa. Ka zauna inda 'yan gari suka cika benci, ka tambayi kuɗi kafin a zuba. Burodi da zaitun da aka ajiye maka ba ka tambaya ba, sau da yawa suna cikin lissafi.

Ciniki a cikin kasuwa ba rashin kunya ba ne, ɗan kasuwa jiran tayinka yake yi. Shayin na'ana'a da ya miƙo maka bai wajabta maka saye ba, ka sha ka yi godiya. Abin kunya guda ne: ka taya, ya sallama, sannan ka juya baya. In ba saye za ka yi ba, kada ka furta kuɗi.

Ka gaida mahaifiyarka, Allah ya kai ku lafiya.